Yadda Na Hau Farin Dutsen Pamukkale da Baffa, Ƙafa Ba Takalmi

Baffa ne ya kawo maganar. Kwanansa uku da sauka Turkiyya, inda ya zo duba ni a wurin karatu, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, dubi nan. Wai a cikin ƙanƙara mutanen nan ke zaune?" Hoton Pamukkale ne: tudu fari fat, ga ƙananan tafkuna a jere a jikinsa kamar an ɗora kwatarni a kan matakala, kowanne cike da ruwa mai shuɗi-shuɗi. Na ce masa dutse ne, ruwan kuma ɗumi gare shi. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Ka kai ni." Sai daga baya na fahimci akwai abin da bai faɗa ba. Ya fi shekara goma yana fama da gwiwar dama, ya kuma ji ana cewa ruwan maɓuɓɓuga irin wannan yana sassauta ciwon gaɓɓai.

A watan Afrilu muka tafi. Daga Santambul muka hau jirgi zuwa filin jirgin Chardak, tafiyar kamar awa ɗaya, daga nan mota ta kai mu birnin Denizli da ke kudu maso yammacin ƙasar. A tashar Denizli akwai ƙananan motocin haya da Turkawa ke kira dolmush, su ke jigila zuwa ƙauyen Pamukkale, nisan kilomita 20 ko ƙasa da haka kaɗan. Tun daga nesa ake hango wurin. Duwatsun yankin duk toka-toka ne da kore, sai ga wani fari tas a gefen tsauni kamar an shanya ƙaton yadi. Sunan ma daga nan ya samo asali, domin a Turkanci pamuk auduga ce, kale kuma ganuwa. Tsawon wannan ganuwar auduga ya kai mita 2,700, faɗinta 600, tashinta sama kuma mita 160.

Da yake da sauran rana lokacin da muka ajiye kaya a masauki, sai muka ƙarasa Karahayit, wani ƙauye mai nisan kilomita 5 daga nan. Maɓuɓɓugarsa ta fi zafi, tana kai digiri 60, ruwanta kuma ɗauke yake da ƙarfe, don haka dutsen da ya gina ja ne da ruwan goro, kamar tsatsa ta zubo daga sama ta daskare. Baffa ya miƙa yatsa ya janye da sauri. Ba mu daɗe ba muka koma, hankalinmu na kan na gobe.

Ƙofa uku ake shiga Pamukkale. Biyu suna sama, ta arewa da ta kudu, mota ke kai mutum har bakinsu. Ta ukun tana ƙasa a gefen ƙauyen, wanda ya bi ta nan sai ya taka farin dutsen da ƙafarsa tun daga gindi har ƙoli. Na ce, "Baffa, saboda gwiwar nan ko a bi ta sama?" Ya ce bai ratso wannan nisa don mota ta sauke shi a kan abin da ya zo hawa ba. Na bar maganar. Na zuba abin da za mu buƙata a jaka ɗaya: ledar saka takalma, tawul, ruwan sha, tabarau mai duhu guda biyu, da kayan canji. Tabarau ɗin nan kada wanda zai je ya raina shi. Da rana ta ɗaga, hasken da farin dutsen ke mayarwa yana sa ido hawaye.

Ana buɗe ƙofa muka sayi tikiti muka shiga. Bayan 'yar tafiya a kan tsakuwa, sai ga inda farin ya fara, ga mai gadi a tsaye yana nuna ƙafar kowa. Daga nan ba a wucewa da takalmi, ko silifa ne, ko kai wane ne. Muka cire, muka naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa.

Takun farko ya ba ni mamaki. A hoto dutsen kamar sumul yake, kamar tangaran, har na zo da tsoron santsi. Ashe kaushi gare shi. Fuskarsa duk 'yan ƙananan kunyoyi ne a jere, sirara, irin zanen da ruwa ke bari a kan yashi, sai dai waɗannan sun daskare, suna cizon tafin ƙafa kamar dutsen goge kaushi. Ruwa siriri, bai kai kaurin yatsa ba, yana malala a kansa ko'ina, kuma a nan ƙasa ya riga ya huce, sanyi ƙalau da sassafe. Baffa ya dafa kafaɗata, muka fara hawa a hankali. Kafin mu yi taku ɗari ƙafa ta koyi abin da ido bai sani ba: inda dutsen yake fari tas da kaushi, taka ba fargaba, inda ya yi rawaya-rawaya ko kore, gansakuka ce ta kama, nan santsin yake. Sau ɗaya Baffa ya ɗora ƙafa a irin wannan wuri, ta zame, ya yi baya, na riƙo shi da hannu biyu. Muka tsaya har numfashinsa ya daidaita. Daga nan ni ke fara takawa, shi ya sa ƙafa inda na ɗauke tawa.

A gefen hanyar hawan akwai tafkuna a jere, ɗaya sama da ɗaya, waɗanda aka yarda a shiga. Ruwansu bai wuce ƙwauri zuwa gwiwa ba, launinsa kamar an zuba madara a cikin shuɗi. A na uku muka shiga. Ƙasansa laka ce fara mai laushi, tana kutsowa tsakanin yatsun ƙafa. Na sunkuya na ɗebo cikin tafin hannu, na murza, sai na ji ta kamar alli da aka jiƙa, da ɗan yashi-yashi a ciki. Wasu baƙi na shafa ta a fuska da hannuwa. Baffa ya karɓi kaɗan ya shafa a gwiwarsa bai ce komai ba.

A bakin wannan tafkin na tsinci wani busasshen ganye da iska ta jefo cikin ruwa. Rabinsa ganye ne kamar kowane ganye, ɗaya rabin da ya nutse kuwa ya yi farin ɓawo mai tauri, har jijiyoyinsa sun fito raɗau a jikin ɓawon. Na nuna wa Baffa. Ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Ikon Allah. Wato dutsen nan ba a gama gina shi ba?" Na ce ba a gama ba, yanzu haka da muke tsaye ana kan yi.

Ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Na tuna masa kwalbar ruwa mai gas da aka ba mu a masauki daren jiya, wanda Turkawa ke kira maden suyu, yadda take shiru in tana rufe, da an buɗe murfin sai kumfa ta taso. Haka abin yake a nan. Ruwan sama na sauka a kan tsaunukan da ke kewaye, ya bi tsagar duwatsu ya nutse can ƙasa inda ake da zafi. A can yake haɗuwa da iskar kabon, ya zama mai ɗan tsami, ya narkar da dutsen farar ƙasa da yake ratsawa, ya ɗauko sinadarin kalsiyam a jikinsa. Yankin kuwa na girgizar ƙasa ne, cike yake da tsagogi, ta nan ruwan ke samun hanyar dawowa sama. Maɓuɓɓuga 17 ake lissafawa a wurin, zafinsu daga digiri 35 har zuwa 100. Da ruwan ya fito fili, kamar an buɗe murfin kwalba ne: iskar ta tsere, ruwan ya kasa riƙe farar ƙasar da ya ɗauko, sai ya sauke ta. Da fari laka ce mai laushi irin wadda na ɗebo, da kwana ya yi kwana sai ta taurare ta zama dutsen da masana ke kira tirabatin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kwatarnin ke gina bakinsu da kansu. Na tsuguna na daɗe ina kallon inda ruwa ke tsallake leɓen wani ɗan ƙaramin gurbi. A daidai leɓen ruwan ya fi siranta, ya fi motsi, don haka a nan iskar ta fi saurin fita, a nan kuma farar ƙasa ta fi zama. Kullum leɓen na ƙara tsawo, gurbin na ƙara zurfi, abin da ya zubo ta baya kuma yana daskarewa ya sauko zara-zara kamar kakin kyandir. Ba mai sassaƙa, ba magini. Ruwa ne kawai da dubban shekaru.

Da muka kai kusan tsakiyar hawan, inda ake hango asalin matakalan da ke cikin hotuna, sai Baffa ya tsaya cak. Yawancinsu a bushe suke. Kwatarni ne manya-manya, farare, masu kyan ƙira, amma ba ɗigon ruwa a ciki, sai can gefe guda 'yan kaɗan ke ɗauke da shuɗin nan da ya taso mu. Ya fito da wayarsa ya dubi hoton, ya dubi tudun, ya ce, "Ina ruwan?" Ni ma gabana ya faɗi, duk da na karanta labarin tun kafin mu zo. Karatu daban, tsayawa a gaban busasshen tafki da dattijon da ka ɗauko daga nesa daban.

Muka samu wuri muka zauna na ba shi labarin. Tun daga shekarun 1960 aka fara gina otal-otal a saman tudun nan, suka riƙa janye ruwan maɓuɓɓugan zuwa wuraren wankan baƙinsu. Aka shimfiɗa hanyar kwalta ta ratsa farin dutsen daga ƙasa zuwa sama, ababen hawa na bi. Jama'a na takawa da takalma, suna wanka da sabulu a cikin tafkunan. Dutsen ya dushe, wani wuri ya yi baƙi. A 1988 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, bayan nan aka rushe otal-otal ɗin, aka rufe hanyar motar. Hanyar da muke takawa ɗin nan ita ce tsohuwar kwaltar, tafkunan da muka shiga kuma mutane ne suka gina su a kanta, ruwan ya zo ya lulluɓe su da farinsa. Asalin matakalan an hana taka su. Ruwan ma rabon kwana ake yi musu: a sakar wa wannan ɓangare na wani lokaci, a ɗauke a mayar wa wancan. In ruwa ya daɗe a wuri ɗaya gansakuka na kamawa, in aka ɗauke rana ta gasa wurin sai ya koma fari.

Baffa ya saurara har na gama. Ya ce, "To ai jinya ake yi masa." Ya mayar da wayar aljihu, bai sake fito da hoton ba.

Ana cikin haka muka ji ƙarar usur. Wani matashi ne ya tsallake iyaka ya hau bakin ɗaya daga cikin busassun kwatarnin don a ɗauke shi hoto, mai gadi na ɗaga masa hannu ya sauko. Da ban riƙe ganyen nan a hannuna ba, da wataƙila na ga kamar tsanani ya yi yawa. Amma wanda ya ga siririn ɓawon da ruwa ya yi kwanaki yana ɗorawa ya san abin da taku ɗaya ke karyawa. Mutum sama da miliyan 2 ke zuwa wurin nan a shekara. In kowa ya ce nasa takun ɗaya ne kawai, ba abin da zai rage. Ina goyon bayan mai usur ɗari bisa ɗari.

Muna ƙara sama ruwan na ƙara ɗumi, domin muna kusantar inda yake fitowa. A ƙoli akwai wata magudana da ruwan ke gudu a ciki da ƙarfi, tururi na tashi, mutane sun jeru a bakinta sun zura ƙafafu. Muka samu gurbi muka zauna. Tafin ƙafata da ya yi ja saboda kaushin dutse ya samu sa'ida. Daga nan kwarin Churuksu ke shimfiɗe a ƙasa, kore shar da gonaki, can nesa kuma ga tsaunin Honaz mai tsayin mita 2,571, kansa fari. Na nuna wa Baffa na ce, "Waccan ce ƙanƙarar gaske." Ya dubi can, ya dubi wanda muke zaune a kai, ya yi murmushi. Hawan da matasa ke yi cikin rabin awa ya ɗauke mu fiye da awa ɗaya.

A saman tudun ake mayar da takalmi, domin daga nan kufan tsohon birnin Hiyerapolis ne. Sarakunan Pergamon, wata tsohuwar daula a yammacin Turkiyya ta yau, suka kafa shi a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koma hannun Rumawa a shekara ta 133 kafin miladiyya, girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 miladiyya, aka sake gina shi. Saboda ruwan nan aka yi birnin, kuma tun wancan zamani masu ciwo ke tururuwa neman sauƙi. Maƙabartarsa ta miƙe kusan kilomita 2, da kaburbura sama da 1,200 na dutse. A gefenta na ga wani ginin kabari da farin dutsen ya malalo ya haɗiye har kusan rabinsa, sai rufin da saman bango ke waje. Abin da ya faru da ganyen nan ne, sai dai wannan ya ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma wani kogo da mutanen wancan zamani suka ɗauka ƙofar lahira ce, suna kiransa Ƙofar Fuluto, wato abin bautarsu da suke cewa shi ke mulkin lahira. Strabo, wani masanin labarin ƙasa Bagirke na zamanin Rumawa, ya rubuta cewa ya jefa tsuntsaye a bakinsa suka faɗi matattu nan take. Limaman wurin kan shiga da bijimai, bijiman su mutu, su kuma su fito lafiya, jama'a su ce mu'ujiza ce. Iskar kabon ce, ita dai wadda ke tserewa daga ruwan ta bar mana farin dutse. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, daidai hancin dabba, kan mutumin da ke tsaye kuma yana sama da ita. Masu tonon tarihi 'yan Italiya suna aiki a birnin tun 1957, a 2013 kuma Francesco D'Andria ya sanar da gano wannan ƙofa. Daga bayan shinge ake kallonta. Babban dandalin wasanni na Rumawa yana can sama a jikin tsauni, daga ƙasa muka hango shi, gwiwar Baffa ta yi aikin da ya isa.

Abin da ya kawo shi kuwa yana tsakiyar kufan: tsohon tafkin wanka, wanda ake kira tafkin Kiliyofatara bisa labarin baka cewa sarauniyar Masar ta taɓa wanka a cikinsa. Kuɗin shigarsa daban ne da na ƙofa, akwai ɗakin canza kaya da akwatin ajiya mai makulli. Maza da mata a haɗe suke shiga, da kayan ninƙaya, don haka wanda wannan zai dame shi gara ya zo da wuri kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Mun ɗan makara, amma muka samu wani lungu da ba kowa. Baffa ya shiga da doguwar singileti da wando har ƙasan gwiwa.

Ruwan digiri 36 ne, kusan ɗumin jikin mutum, garai-garai har ana ganin ƙasa. A ƙasan nan ginshiƙan farin dutse ne a kwance, waɗanda girgizar ƙasa ta ƙarni na 7 miladiyya ta kayar, an bar su inda suka faɗi. Gansakuka ta lulluɓe su, suna da santsi, kuma ƙwauri na iya buguwa da su in ba a lura ba. Na zaunar da Baffa a kan guntun wani ginshiƙi, ruwa ya kawo masa ƙirji. Bayan minti biyu ya ɗago hannunsa a cikin ruwan ya ce in duba. 'Yan ƙananan kumfa ne suka lulluɓe fatarsa, kowane gashi da tasa, kamar an yayyafa masa ƙananan duwatsun ado. Ya shafa, suka tashi sama gaba ɗaya, wasu suka sake taruwa. Ɗigon da ya taɓa leɓena ɗan tsami-tsami gare shi da ƙanshin ƙarfe. Baffa ya lumshe ido, yana miƙe ƙafar dama yana naɗewa a hankali, abin da a kan tudu ba ya yi sai da cije baki. Saboda hawan jininsa ban bari mun wuce rabin awa ba, ya fito ya sha ruwa, ya huta a inuwa.

Game da gwiwar, abin da na gani zan faɗa. A ranar da kashegarinta ta yi sauƙi sosai, ya taka matakalar masauki ba tare da ya dafa bango ba. Bayan mako guda ciwon ya dawo yadda yake, ya koma kan maganin da likitansa ya ba shi. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana kuma ɗauke wa gaɓa nauyin jiki muddin ana ciki, iyakar abin da zan iya shaida ke nan.

Da la'asar sakaliya muka sake cire takalma muka kama hanyar sauka. Jama'a sun ragu. Rana ta karkata, farin dutsen ya fara komawa ruwan zuma, laka ta bushe a ƙafar wandonmu ta yi tauri kamar an sa sitaci. Saukar ta fi hawan wuya ga mai gwiwa, don haka muna yi muna tsayawa. A daidai inda ya tambaye ni ruwa da safe, Baffa ya matse mini kafaɗa. Ɗaya daga cikin busassun kwatarnin ya fara jiƙa. An sako masa ruwa daga sama, yana gangarowa siriri, yana bin kunyoyin dutsen ɗaya bayan ɗaya, ya taru a tsakiyar gurbin bai fi faɗin faranti ba, sararin sama ya fito a cikinsa.

Na ce, "Baffa, ai wannan sai dare kafin ya cika."

Ya ce, "Na sani. Bari dai mu ɗan tsaya."

Muka tsaya, hannunsa a kafaɗata, ruwa mai sanyi na wucewa ta kan yatsunmu, har faɗin farantin ya kai na tabarma, mai gadi ya ɗago mana hannu daga ƙasa.